Bindiga Ɗaya, Saiti Ɗaya, Me Ya Sa Harsasai Ke Warwatsuwa?

Ka ɗaure bindiga tamau a kan teburi yadda ba za ta motsa ba, ka harba harsashi biyar a allo ɗaya. Hankali zai ce maka dukkansu rami ɗaya za su bi. Ba sa bi. Wani ya haura, wani ya karkata hagu, kuma iya nisan allon iya faɗin warwatsuwar. Masu gasar harbin nesa a Amurka da Turai, waɗanda ke haɗa harsashinsu da hannu, suna auna albarushi suna ɗurawa a kwanso, har yau da wannan matsalar suke kwana suke tashi. Kuma kusan shekara 300 ke nan ana neman mai laifi.

Wanda ya fara kama bakin zaren wani masanin lissafi ne ɗan Ingila, Benjamin Robins, a littafinsa na 1742. A zamaninsa bindiga irin adakar maharbanmu ce: bututu sumul, dunƙulen darma, albarushi ta baki. Ya rataye wani abu mai nauyi kamar lilo yana harbinsa, daga yadda lilon ya yi baya sai ya lissafo gudun harsashin. Ya kuma jera takardu marasa kauri a kan hanyar harsashi, ramukan suka nuna cewa tafiyar ma lanƙwasa take yi gefe. Sai ya yi wani gwaji mai ban sha'awa: ya ɗan tanƙwara bakin bindiga zuwa hagu, amma harsashin ya ƙare da komawa dama. Dalili? Dunƙulen ya gogi bangon bututun ya fito yana juyawa, iska kuma ta tura shi gefe, kamar dai ƙwallon da ɗan wasa ya murɗa a bugun tazara.

Magani shi ne a tilasta wa harsashi juyawa ta hanya ɗaya kullum, ta hanyar yanka zare mai murɗewa a cikin bututun. A gwajin da aka yi a Ingila a 1857, bindigar Joseph Whitworth, wadda zarenta ke kammala zagaye ɗaya a inci 20, ta yi wa bindigar sojan Ingila ta Enfield fintinkau, ita da nata zagayen sai a inci 78. Zuwa 1874, a filin Creedmoor kusa da New York, 'yan Amurka da 'yan Ireland suka kara a yadi 800, 900 da 1,000. Amurka ta ci 934 da 931. Maki uku kacal, ka ga ke nan a wannan matakin ƙaramin abu ma ya isa ya kayar da mutum.

To bindiga ta gyaru, amma warwatsuwa ba ta ƙare ba. A nan ne wani likita daga Massachusetts, Franklin Mann, ya shigo, kuma a ganina shi ya fi kowa cancantar a tuna da shi. Ya kwashe shekaru masu yawa a kan tambaya guda, ya wallafa sakamakon a 1909. Dabararsa ita ce cire ɗan Adam daga lissafi: ya kwantar da bututun a kan ƙarfe mai kwari kamar harafin V, saboda kada a ce hannu ne ya yi rawa. Sannan ya dinga lalata harsasai da gangan. Ya huda wasu ta gefe, ya fafe wa wasu hanci, ya karkata wa wasu gindi, yana canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Abin da ya gano ya saɓa wa zaton mutane. Rauni a hanci bai cika yin ɓarna ba kamar rauni a gindi, domin in gindin ya karkace, hayaƙin da ke biye da harsashi zai riga fita ta gefe ɗaya a bakin bindiga ya hankaɗa shi. Haka nan harsashin da nauyinsa ya rinjaya gefe, muddin yana juyawa a cikin bututu, da ya fita sai ya kauce. Mann ya nuna cewa in ka san inda gefen mai nauyi ya fuskanta lokacin ɗurawa, za ka iya faɗin inda harbin zai karkata tun kafin a ja kunama. Wato abin da ake kira rashin sa'a, ashe yana da ƙa'ida.

Saura batun gudu. Wani hafsan sojan Beljiyam, Le Boulengé, ya ƙera na'urar auna gudun harsashi da lantarki a shekarun 1860, amma sai bayan kusan ƙarni guda irinta ta yi arahar da talakan ɗan gasa zai saya. Da ta shigo hannu, sai aka ga dalilin da ya sa harsashin da ya yi kyau a yadi 100 yake ba da kunya a yadi 1,000. Yi lissafin da kanka. A yadi 100 faɗuwar harsashi 'yan santimita ce, don haka ko gudun ya ɗan bambanta ba za ka lura ba. A yadi 1,000 kuwa, harsashi irin .308 yakan faɗo kimanin mita 10. In ɗaya ya gaza ɗan'uwansa gudu da kashi 1 cikin 100 kawai, zai ƙara daɗewa a iska, ya sauka ƙasa da shi da santimita 20 ko fiye.

Shi ya sa ɗan gasa na yau yake karanta allonsa kamar takardar asibiti. Ramuka sun jeru sama da ƙasa, sai ya zargi gudu: awon albarushi, riƙon da wuyan kwanso ya yi wa harsashi, ko zafin rana, tunda albarushi mai ɗumi ya fi saurin ci. Sun jeru hagu da dama, galibi iska ce. Mai gaggawar ƙara albarushi don ya rufe matsala kuwa, bindigar na iya fashewa a fuskarsa.