Tarabulus: Bakin Tekun Da Kakanninmu Suka Riga Mu Sani

Makon jiya na je gida Sukuntuni ta'aziyya. Muna zaune bayan la'asar sai wani yaro ɗan maƙwabtanmu ya ja ni gefe, wai zai sayar da babur ɗinsa ya haɗa kuɗin tafiya Libiya. Na ce masa: ka san yadda ƙasar take? Ya ce shi dai ya ji ana samu. Wannan amsa ce ta sa ni rubutun nan, a yi haƙuri da tsawonsa.

Libiya ta kusa ninka Najeriya a faɗin ƙasa, amma mutanenta wajen miliyan 7 ne kacal. A ƙidayar 2006 jihar Katsina kaɗai ta haura miliyan 5 da dubu 800. Kusan duk ƙasar hamada ce, babu kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina. Don haka mafi yawan jama'a sun taru ne a ɗan siririn bakin Bahar Rum, inda Tarabulus da Misrata da Bengazi suke. Yanayinsu akasin namu ne: lokacin da muke hunturu su ke samun ruwan sama, lokacin da muke damina su rani suke yi. Zaitun da sha'ir da alkama da lemo suke nomawa, ba gero da dawa ba.

Wurin tsoho ne ƙwarai. 'Yan kasuwar Finikiya ne suka kafa garin tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma asalin sunan yana nufin "birane uku". Rundunar Amru bin Asi ta ci shi wajen 643. Turkawa suka karɓe shi a 1551.

To ina ruwanmu? Ai nan ne ƙarshen hanyarmu ta arewa. Ayari kan tashi daga Katsina ko Kano, ya bi Agadas, ya faɗa Gat da Gadamas, ya sauke kaya a Tarabulus bayan watanni. Ana kai jar fata da hauren giwa da gashin jimina da turkuɗi, a dawo da takarda da alharini da takubba da alkyabba da jar dara. Kalmar "Turawa" ma waɗannan Larabawa aka fara kira da ita, har yau akwai Dandalin Turawa a Kano. Bajamushen nan Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, daga Tarabulus ya taso a 1850, sai farkon 1851 ya iso Katsina. Ya rubuta cewa saƙar Kano tana kaiwa har Tarabulus ɗin.

Amma mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: cikin kayan ayarin har da bayi. Mutane irina da irinka aka kora cikin rairayi, da yawa ƙishi ya kashe su kafin su ga teku.

Shekarar 1911 ce ta karya hanyar. A shekarar Italiya ta mamaye Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano. Abin da raƙumi ke yi a watanni, jirgin ƙasa ya yi shi a kwanaki. Sai muka juya fuska kudu, gyaɗa da audugar da iyayenmu suka noma a ƙasar Kankiya suka nufi Ikko.

Lokacin da Libiya ta sami 'yanci a 1951 tana cikin matalautan ƙasashen duniya. Man fetur da aka tono a 1959 ne ya canza komai. Gaddafi ya hau a 1969, daga baya ya shimfiɗa manyan bututai masu jawo ruwan ƙarƙashin hamada zuwa biranen bakin teku. Kuɗi ya yi yawa, mutane kaɗan, akasarinsu albashin gwamnati suke ci. Gini da shara da kiwo da aikatau sai baƙi. Daga nan labarin "ana samu" ya samo asali, kuma a da can akwai gaskiya a ciki.

Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 ƙasar ba ta sake zama ɗaya ba. Yau akwai gwamnati a Tarabulus, akwai wata a gabas, a tsakani kuma ƙungiyoyin 'yan bindiga. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon baƙaƙen fata kamar awaki a kasuwar Charanchi. A Satumban 2023 madatsun ruwa biyu da aka yi shekaru ba a gyara ba suka ɓalle a Darna, dubbai suka mutu cikin dare ɗaya. Ƙasar da ta kasa kare 'ya'yanta, yaya za ta yi da baƙon da ba shi da takarda?

Ga bambancin da nake so mu lura da shi. Fataken da suna tafiya da haja, da madugu wanda ya san rijiyoyi, da fatoma mai jiransu a masauki. Yaron yau ba shi da ko ɗaya. Wanda ya shiga kasuwa ba shi da abin sayarwa, wallahi shi ake sayarwa.

Ban ga laifin yaron nan ba. Taki ya yi tsada, rashin tsaro ya hana wasu gonakinsu, aiki babu. Laifin namu ne manya idan muka bar su da labarin dillalai kawai. Na dai roƙe shi ya riƙe babur ɗinsa zuwa kaka mu sake zama. Ya ce to. Ban sani ba ko "to" ɗin ta kai zuci.

Wanda ya taɓa zuwa can ya dawo, don Allah ya faɗa mana abin da idonsa ya gani, ƙannenmu su karanta. Allah ya tsare na hanya, ya dawo da na tsare gida lafiya.