Daga Tsafin Anna zuwa Zargin Maita a Ƙasar Gulbin Kaba

 

Ya ku ƴan'uwa masu saurare, na Mayahi da Tasawa da Alhasan Mairairai, yau za mu waiwayi abin da kakanninmu suke kai kafin Musulunci ya game karkara. Ana kiransu Anna ko Azna, a Kano kuma Maguzawa. Ba su musun akwai Allah, sai dai suna ganin Ya yi nisa, don haka suke kai bukatunsu ga iskoki, irin su Doguwa da Kure da Uwar Gona. Kowace zuriya da gadonta: manoma, maƙera, mahalba, masu ruwa. Maigida shi ke yanka wa iskan gidansu akuya ko kaza mai launin da ya dace, a gindin itace ko kan dutse. Ana buɗin daji kafin a fita farauta, ana duba yadda shekara za ta kasance. Wanda ya tara dami dubu ya yi biki ya rabar, shi ake kira sarkin noma.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku: Musulmi na gaskiya, da waɗanda ba su taɓa karɓar addinin ba, da masu gaurayawa, wato masu salla kuma suna yanka wa itace da duwatsu. Amma takobin jihadi bai iya riƙe wannan yanki namu ba. Da Katsina ta faɗi a 1807, zuriyar sarakunanta ta yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna Tsibiri. Sarakunan nan Musulmi ne, amma sun jingina da Anna wajen yaƙi da abinci, suka bar Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri suna shugabantar ƴan bori.

To, me ya rushe tsafin gado? Abin mamaki, zaman lafiya ne da kasuwa. Da hare-hare suka ƙare a zamanin Turawan Faransa, manoma suka bazu arewa da Gulbin Kaba suna saran daji, suna haƙa rijiyoyi, suna kafa sababbin garuruwa nesa da kukokin kakanninsu. Haraji da kuɗin gyaɗa suka raba gandu, kowane saurayi ya koma neman na kansa. Wanda ya je cin rani Kano ya ji kunyar a kira shi arne, ya dawo da carbi. Malamai suka bi sawu da allo da tawada, babu wanda suka tilasta.

Sai dai fa, jama'a, yanka ne ya tafi, tsoro bai tafi ba. Abin da da ake yi a fili, gaban dangi, ya koma ɗakin boka da dare, ana biyan kuɗi. Mafi muninsa shi ne zargin maita. Har yau ana cewa maye yana da ƙanƙara a ciki, ya sha ta a nonon uwa, yana kama kurwar mutum. Yaro ya kamu da zazzaɓin damina, ya yi sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa, shi ke nan an yanke hukunci. A taru a ƙofarta, a tilasta ta ta tsallake marar lafiya, babu shaida, babu alƙali. Wadda ake nunawa kuwa galibi gwauruwa ce marar ɗa namiji da zai tsaya mata. Bayan taro ya watse, ƴaƴanta mata su rasa mai nemansu da aure, yaron kuma yana nan kwance da zazzaɓinsa, ba a kai shi asibiti ba.