Solvej Balle da ranar da ta ƙi wucewa

A 1993 aka fara jin sunan Solvej Balle a wajen ƙasar Denmak, bayan fitowar littafinta Ifølge loven, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama. Shekarunta 31 a lokacin. Kowa ya zaci babban littafi na nan tafe, sai ta ja jiki. Daga baya ma ta tattara ta koma Ærø, wani ɗan tsibiri da ke kudancin ƙasar.

Ashe tun 1987 take fama da tunani guda: mace ta wayi gari ta tarar jiya ce ta dawo. Fim ɗin Amurka Groundhog Day, mai irin wannan zubi, sai bayan shekara shida ya fito, kuma bai sa ta fasa ba. A 2020 ta fitar da juzu'in farko na Om udregning af rumfang, wato "A Kan Lissafin Girman Abu", daga cikin bakwai da ta tsara. Ba ta kai wa manyan kamfanonin Kofanhagen ba, da ɗan kamfaninta Pelagraf ta buga. Wannan kasada ce a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba a lokacin.

Tauraruwar littafin, Tara Selter, dillaliyar tsofaffin littattafai ce a Faransa, ta maƙale a ranar 18 ga Nuwamba. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san umarnin da ke ta zagaye babu mafita, amma nata ya fi ciwo, domin ba komai ke komawa farko ba. Ƙunar da ta yi a hannu tana warkewa, ita kuma tana tsufa. Abincin da ta saya ta ci ba ya komawa kan kantar shago, har ta fara ganin kanta dodo mai cinye duniya. Mijinta Thomas kuwa kowace safiya ya manta, sai ta sake yi masa bayani, har ta gaji ta koma ɗakin baƙi tana sauraron takunsa. A ganina nan littafin ya fi ƙarfi: labarin aure ne tsakanin mai tunawa da marar tunawa.

A 2022 juzu'i uku na farko suka ci kyautar adabi ta Majalisar Ƙasashen Arewacin Turai. Fassarar Barbara Haveland ta Turanci ta fito a 2024, juzu'in farko kuma ya shiga jerin shida na ƙarshe a gasar International Booker ta 2025.