Tarihin Dauɗar da ke Raya Kifi a Tafkin Lambu

Idan kana zaune a Ingila ko Amurka, wataƙila ka ga ɗan tafkin kifi a bayan gidan maƙwabci, ko ma kana da naka, da matatar ruwa a gefe. In ka buɗe matatar za ka tarar da soso ya yi yauƙi, launin ƙasa-ƙasa. Kada ka yi saurin kai shi bakin famfo. Dalilin yana da tarihi.

A shekarar 1877 wasu masana biyu a Faransa, Schloesing da Müntz, suka cika wani dogon bututu da yashi da farar ƙasa, suka riƙa zuba masa ruwan kwata. Kwana 20 babu wani canji. Daga nan sai sinadarin amoniya ya fara ɓacewa, naitiret ya maye gurbinsa. To, yashin ne ke wannan aiki, ko wani abu mai rai? Sai suka tura masa tururin kulorofom, maganin sa barci na likitocin zamanin. Aiki ya tsaya cak. Da suka zuba ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki, ya dawo. Ai yashi ba ya suma!

Wajen 1890 Sergei Winogradsky, ɗan Rasha da ke bincike a Zurich, ya gano ƙwayoyin bakteriyar. Rukuni ɗaya yana mai da amoniya naitirait, wani ya mai da naitirait naitiret. An daɗe ana ba Nitrobacter yabon mataki na biyun, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec a Amurka ya nuna Nitrospira ce ke yinsa a akwatunan kiwon kifi.

Kifinka kullum yana fitar da amoniya, guba ce gare shi, haka ma naitirait. Waɗannan ƙwayoyi da ke manne a soson su ke kare shi, kuma kulorin na ruwan famfo kashe su yake yi. Saboda haka ɗebo ruwan tafkin a bokiti, ka matse soson a ciki sannu-sannu, laka kawai ta fita. Kar ka wanke sosunan duka rana ɗaya, kar kuma ka kashe injin ruwan ya kwana, domin ƙwayoyin suna buƙatar iskar oksijin. Sabuwar matata kuwa takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su cika ta, don haka sai ka rage wa kifi abinci a lokacin.