Ba'a a Matsayin Sharhi: Taƙaitaccen Tarihin Yi wa Fim Dariya

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a majalisar matasa a Kubwa da yamma zai tarar da su sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon wani mai barkwanci yana fede wani fim: jarumin da aka harba ya mutu yana ƙifta ido, ko basaraken zamanin da sanye da agogon hannu. Kubwa ta bunƙasa ne bayan dawowar hedikwatar ƙasa Abuja a 1991, ta tara 'yan kallo daga sassa daban-daban. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa wannan ba'a tana da asali, kuma tana da ƙa'ida.

Asalin Al'adar

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga Bahaushe ya daɗe yana gyara ta hanyar raha. 'Yan kama sukan kwaikwayi karatun malamai su mayar da shi zancen abinci. A wasan gauta, matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu. Wasannin tashe na watan azumi kuwa sukan muzanta rowa da gwauranci. Da silima ta shigo Kano, inda aka buɗe ta Rex a 1937, 'yan kallo ba su bar wannan hali a gida ba. Sukan yi wa majigi ihu da tsokaci.

Zamanin Bidiyo

An fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma cikin shekaru goma harkar ta cika kasuwa. Yawan fina-finan ya zo da gaggawa da kwaikwayon Indiya. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta faɗaɗa fagen sharhi a rubuce. Amma ba'a mafi tasiri daga cikin gida ta fito: marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sha mayar da rawa da waƙar soyayya irin ta Indiya abin dariya.

A Amurka ma haka abin ya faro. An fara ba da kyautar Golden Raspberry ga fina-finai mafi muni a 1981, shirin talabijin na Mystery Science Theater 3000 ya biyo baya a 1988, sannan Nostalgia Critic ya kai salon intanet a 2007. Zuwan YouTube a 2005 da arahar waya su suka miƙa wannan dama ga kowa, har da matashin Kubwa.

Kammalawa

Abin lura shi ne, ba'ar gargajiya tana da shinge. Mai wasan gauta halin sarki take kwaikwaya, ba ta taɓa asalinsa. Mai sharhin yau yana iya rusa aikin shekara cikin minti biyar, kuma sau da yawa yakan tsallake fim ya faɗa kan mutuncin 'yar wasa. A ganinmu, nan ne gyara ke rikiɗa ya koma zambo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba; masu shirya fim su jure dariyar, masu dariyar kuma su tsaya a kan aikin.