Tarihin Rabe-raben Halittu Masu Saɓa: Yadda Aka Raba Tana da Ƙwari

A Hausa akwai kalmomi biyu da suka kusan kwashe dukkan ƙananan halittu marasa ƙashin baya, watau ƙwaro da tsutsa. Abin da yake da ƙafafu ko fukafukai, kamar fara da kyankyaso da kunama, ƙwaro ne; mai tsawo da laushi kuwa, wanda yake jan ciki, tsutsa ce. Wannan rabo ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Sa'ad da Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya wallafa littafinsa Systema Naturae a 1735, ya kasa dabbobi aji shida, huɗu na masu ƙashin baya, biyun da suka rage kuma sunayensu na Latinanci suna nufin ƙwari da tsutsotsi. A ajin ƙwari ya haɗa har da gizo-gizo da ƙaguwa da kunama. A ajin tsutsotsi kuwa ya tara duk abin da ya rasa gurbi: tana, da matsattsaku, da macijin ciki, da dodon-koɗi, har da halittun teku waɗanda ba su yi kama da tsutsa ko kaɗan ba.

Masanan Faransa ne suka fara warware wannan tarkace a farkon ƙarni na 19. Lamarck ya cire dangin ƙaguwa da dangin gizo-gizo daga cikin ƙwari, ya kuma ware tsutsotsi masu zobba a jiki, watau tana da matsattsaku da 'yan'uwansu, ya ba su aji na kansu. Georges Cuvier ya ci gaba daga nan. A 1812 ya raba dabbobi gida huɗu bisa ga tsarin ginin jikinsu, ya faɗaɗa bayanin a littafinsa na 1817. Ɗaya daga cikin gidajen ya kira shi Atikulata, ma'ana masu jiki gaɓa-gaɓa, ya haɗa tana da matsattsaku wuri ɗaya da ƙwari da ƙaguwa da gizo-gizo. Hujjarsa ba ta da wuyar gani. Duk wanda ya ajiye tana kusa da ƙadandoniya zai ga jiki ne da aka jera shi zobe bayan zobe, kuma idan aka feɗe su za a tarar jijiyar saƙo tana bin ta ƙasan ciki, zuciya kuma ta wajen baya. Macijin ciki da ire-irensa, da yake jikinsu sumul ne babu zobba, sai Cuvier ya jefa su can gidan ƙarshe tare da halittun teku.

Bayan littafin Darwin na 1859 aka fara karanta kamanni a matsayin shaidar dangantaka ta asali, sai ra'ayin Cuvier ya sami sabon ƙarfi. Aka ce ƙwari jikokin wata tsutsa ce mai zobba wadda fatarta ta yi tauri, ta tsiro da ƙafafu masu gaɓoɓi. Har ma aka sami abin da aka ɗauka shi ne gadar da ke tsakani, wata halitta mai laushin jiki da gajerun ƙafafu ana ce mata Feripatus. Lansdown Guilding, wanda ya fara bayyana ta a 1826, ya zaci dangin dodon-koɗi ce. A 1874 Henry Moseley ya gano tana numfashi ta ƙananan bututu kamar yadda ƙwari ke yi. A kan wannan ra'ayi aka gina littattafan makarantu na kusan dukkan ƙarni na 20. Su kuwa tsutsotsi masu sumul ɗin jiki, waɗanda ake kira nematoda, aka ɗauke su halittu na ƙasa-ƙasa da suka rabu da sauran tun da wuri, don ramin cikinsu ba shi da cikakken rufi irin na tana.

Abin lura shi ne, duk tsawon wannan lokaci an san cewa ƙwari da nematoda suna yin saɓa, tana kuwa ba ta yi. Ɗango, watau 'ya'yan fara marasa fukafukai, sai ya tuɓe fatarsa wajen sau biyar kafin ya zama fara mai tashi. Nematoda takan yi saɓa sau huɗu kafin ta balaga. Amma masu nazarin saɓa daban suke da masu rabe-raben halittu. Stefan Kopeć na Folan ya nuna a 1922 cewa ƙwaƙwalwa ce ke ba tsutsar ƙwaro umarnin rikiɗa. Vincent Wigglesworth na Ingila ya tabbatar a 1934 cewa umarnin ta cikin jini yake bi. A 1954 kuma Adolf Butenandt da Peter Karlson na Jamus suka tace sinadarin da ke sa saɓar, wanda ake kira ekdison. Sun sarrafa kilo 500 na tsutsar siliki kafin su sami miligiram 25 kacal. Duk da haka an ci gaba da ɗaukar saɓa a matsayin larura ce kurum: kowace halitta mai taurin fata dole ta tuɓe kafin ta girma, saboda haka ba abin mamaki ba ne dangi biyu su dace da ita kowa ta hanyarsa.

A 1997 aka rushe ginin Cuvier. Anna Marie Aguinaldo da James Lake na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, tare da abokan aikinsu, suka buga maƙala a mujallar Nature inda suka kwatanta jerin wani ƙwayar gado da dukkan dabbobi suke da shi. An yi irin wannan gwaji a baya, amma nematodar da aka saba amfani da ita ƙwayoyin gadonta suna sauyawa da sauri ƙwarai, har lissafi yakan ture ta zuwa gindin bishiyar dangantaka ba don can ne gurbinta ba. Su kuwa sai suka zaɓi mai sauyawa a hankali, watau Tirikinela. Nan take nematoda ta faɗo kusa da ƙwari, tana kuma ta koma wajen dodon-koɗi. Suka raɗa wa sabon gidan suna Ekdisozowa, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin tuɓewa da dabba.

Ba a karɓi maganar hannu bibbiyu ba, kuma masu ja da ita ba jahilai ba ne. Bayan da aka kammala karanta dukkan ƙwayoyin gadon wata nematoda a 1998, da na wani ƙaramin ƙuda a 2000, wasu manazarta suka kwatanta su da na mutum, sakamakon ya nuna ƙuda ya fi kusa da mutum bisa ga nematoda. Sai da aka ƙaro halittu masu yawa cikin lissafin aka gane tsohuwar matsalar saurin sauyawa ce ta sake dawowa. Binciken Casey Dunn da abokansa na 2008 ya taimaka ƙwarai wajen kashe gardamar.

A yau dangi takwas ake lissafawa a wannan gida. Mafi girma shi ne na masu ƙafafu gaɓa-gaɓa, wanda an bayyana iri fiye da miliyan ɗaya a cikinsa, sai nematoda, sai Feripatus da danginta, da wasu biyar, ɗaya daga cikinsu ma sai a 1983 Reinhardt Kristensen ya bayyana shi. Abin da ya haɗa su shi ne fata marar rai wadda jiki ke ƙerawa ya tuɓe, da rashin ƙananan gasun nan masu kaɗawa da 'ya'yan tsutsotsin teku masu zobba ke iyo da su. Fatar kanta ba iri ɗaya ba ce: ta ƙwari kaitin ne ginshiƙinta, ta nematoda kuwa kolajin.

Kurkunu misali ne na kusa. Nematoda ce, kuma a 1870 Alexei Fedchenko na Rasha ya gano cewa 'ya'yanta suna shiga cikin wani ɗan ƙwaron ruwa, dangin ƙaguwa, inda suke yin saɓa sau biyu kafin mutum ya sha su a ruwan tafki, bayan kimanin shekara guda uwar ta fito masa a ƙafa. Ashe tsutsar da ƙwaron da ke ɗauke da ita 'yan gida ɗaya ne. An tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya da Nijar a 2013, Gana kuma a 2015.

Ga masu ƙirƙiro kalmomin kimiyya, "masu saɓa" ya yi daidai da Ekdisozowa, sai dai da sharaɗi. Bahaushe ya fi sanin saɓa a jikin maciji, ita kuwa matacciyar fatar sama ce ta dabba mai ƙashin baya, ba ta da alaƙa da ta fara. Kalmar tsutsa ta fi wannan wahala, domin tana ɗauke da tana, da kurkunu, da tsutsar ƙuda, alhali biyun ƙarshe sun fi kusa da juna, har ma da kunama, fiye da yadda kowacce take da tana.