AMSOSHIN TAKARDUNKU: Tarihin Ƙwayar da Turawa Ke Lasa Kaɗan-Kaɗan

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari da ke Kano, ya aiko da takarda yana cewa, don Allah a ba shi tarihin ƙwayar nan da ya ji wai Turawa na lasa kaɗan-kaɗan don maganin damuwa. Shin ɗaya suke da zaƙami?

AMSA: To Alhaji, ƙwayar da ka ji labari ita ce LSD. Wani masanin haɗa magunguna mai suna Albert Hofmann ne ya fara haɗa ta a 1938, a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Bai san ƙarfinta ba sai ranar 19 ga Afrilu, 1943, da ya sha kashi ɗaya cikin huɗu na miligiram, yana zaton ɗan kaɗan ne. Da ƙyar ya kai gida a kan kekensa, duk abin da ya kalla sai ya ga yana murɗewa.

Daga nan likitocin ƙwaƙwalwa a Turai da Amurka suka yi ta gwada ta a kan masu damuwa da mashaya giya. A 1958 Hofmann ɗin ya kuma tace sinadarin silosaibin daga wata laimar kwaɗi ta ƙasar Meziko. Amma da samari suka mai da abin kayan holewa, sai Amurka ta ƙarfafa haramcinsa a 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya da yarjejeniyar 1971. Bincike ya kusa tsayawa cik.

Ita kuwa lasar kaɗan-kaɗan, littafin wani Ba'amurke, James Fadiman, na 2011 ne ya yayata ta. Wai mutum ya sha kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ke sa gane-gane, ya huta kwana biyu, ya sake. Masu yi suka yi ta yabo, musamman ma'aikatan kamfanonin kwamfuta na Kalifoniya.

To amma fa Alhaji, a 2021 masana a Kwalejin Imperial ta Landan suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 191. Wasu sun haɗiyi kafso mai ƙwayar, wasu kafso wanda babu komai a ciki, ba wanda ya san nasa. Duka ɓangarorin biyu suka ce sun ji sauƙi, kusan babu bambanci. Ke nan yawancin sauƙin daga sa rai ya fito. Ko a Ostareliya, inda aka halatta silosaibin a 2023 don damuwar da ta gagari magani, likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bayarwa, a gabansa.

Zaƙami kuwa hanyarsa daban, ba banza Bahaushe ya kira shi haukata-yaro ba. Sinadaransa, irin su atrofin, suna busar da maƙogwaro, su sa zuciya gudu, mutum ya yi ta sambatu, in ya farfaɗo bai tuna komai ba, wani ma ya sheƙa. Ƙarfinsa kuma ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, don haka ba wanda zai iya auna “kaɗan” ɗinsa da ido. LSD ma haramtacciya ce a Nijeriya, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 na kama mai ita. In damuwa ce ta addabi wani naka a kasuwa, ga asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma na ƙwaƙwalwa a Dawanau.

Da fatan Alhaji ya gamsu.